Ciwon Ɓarin Kai da Matan Bakin Iyaka: Waiwaye Daga Jibiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya, inda ake tsayawa gaban 'yan kwastan da jami'an shige-da-fice kafin a gangara Ɗan Isa ta ƙasar Nijar. Idan ana ba da tarihin wannan yanki, abin da aka saba kawowa shi ne yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, da fatauci, da fasa-ƙwauri, sai kuma ɓarnar 'yan bindiga ta 'yan shekarun nan. A wannan maƙala muna so mu waiwayi wani tarihin da ba a cika kulawa da shi ba, watau tarihin wani ciwo da ke kwantar da mata a ɗaka wata bayan wata, da kuma yadda masu magani na kowane zamani suka yi ta sa masa suna iri-iri. Ciwon da muke nufi shi ne ciwon ɓarin kai, musamman irin wanda ke tafiya tare da jinin al'ada.

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da za mu nuna wa mai karatu shi ne, wannan ciwo ya daɗe da samun suna a littattafan malamanmu, kuma likitocin zamani sun gano sababinsa tun fiye da shekara 50 da suka wuce, amma har yau macen bakin iyaka takan zaga masu magani huɗu ko biyar ta dawo gida da amsa huɗu ko biyar.

Yadda ciwon yake

Ciwon ɓarin kai ya sha bamban da ciwon kai na gajiya ko na zazzaɓi. Yakan kama gefe ɗaya na kai, yana sara kamar ana daka, tare da tashin zuciya ko amai, sannan mai shi ba ya son haske ko hayaniya. Idan ba a sha magani ba yakan ɗauki daga awa 4 har zuwa kwana 3. Wasu kafin ya taso sukan ga walƙiya-walƙiya ko zane-zane a idonsu, ko wani sashe na fuska ko hannu ya yi musu dindiris na 'yan mintoci.

Kafin balaga, yara maza da mata kusan kunnen doki suke yi a wannan ciwo. Da zarar yarinya ta fara al'ada sai lissafin ya sauya, har ya zama a tsakanin manya mata sun ninka maza kusan sau uku. Mata da yawa sukan sami sauƙi idan ciki ya tsufa, ciwon ya dawo musu a cikin jego, ya tsananta a shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa, sannan ya lafa bayan ta ɗauke. Wannan hawa da sauka shi ne ya daɗe yana rikita masu magani, domin kuwa duk abin da aka ba mace a lokacin da ciwon ke shirin lafawa da kansa, shi za a ce ya yi aiki.

Shaƙiƙa, ƙaho da girka

Malaman ƙasar Hausa ba baƙin wannan ciwo ba ne. A littattafan Larabci sunansa shaƙiƙa, daga kalmar da ke nufin tsagi ko rabi, kamar dai yadda likitan nan na zamanin Rumawa, Jalinusu, ya kira shi ciwon rabin ƙwarya tun ƙarni na 2 na Miladiyya. Ibn Sina ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, wanda ya kammala a 1025. Haka nan ya zo a Sahihul Buhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a ka yana cikin harami saboda shaƙiƙa, shi ya sa littattafan ɗibbun Nabawi suka ware wa ciwon babi. Shugabannin jihadi ma sun yi rubutu a kan magani: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a wannan fanni. Saboda haka malamin zaure a Katsina ya san sunan ciwon, wanzami kuma ya san inda zai ɗora ƙaho ko ya yi tsaga a goshi da gefen ido.

To amma a nan ne tarihin siyasa ya shigo cikin tarihin ciwo. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, aka naɗa Ummarun Dallaje, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi, inda har yau ake kiran mai gari Sarkin Katsina. Katsina ta zama biyu ke nan, ƙasar Jibiya kuwa tana tsakani. A ɓangaren kudu bori ya koma bayan fage, ana yin sa a ɓoye. A Maraɗi kuwa ya ci gaba a fili, da Iya a matsayin shugabar 'yan bori a cikin fada. Macen da ciwon kai ke buge ta lokaci-lokaci, ta riƙa ganin walƙiya, ta shige ɗaki mai duhu ba ta son magana, sannan bayan kwana biyu ta miƙe garau kamar ba ita ba, ba abin mamaki ba ne a ce iska ce ke taɓa ta. Idan ta nufi kudu a ba ta rubutu da ƙaho, idan ta nufi arewa a ce sai an yi mata girka. Tun kafin a kafa asibiti ko ɗaya, ciwon ya riga ya sami amsa biyu a kan hanya ɗaya.

Iyakar Turawa da asibitocinta

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Yarjejeniyar da suka yi da Faransa a 1906 ita ce ta tsayar da iyakar da muke gani yanzu, aka kuma gama kafa alamominta a 1908. Gulbin da ya ratsa Jibiya ya nufi Maraɗi bai san da wannan layi ba, haka ma auratayya da zumunci. Amma layin ya haifar da tsarin kiwon lafiya iri biyu, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Faransanci, kowanne da irin horon ma'aikatansa da sunayen magungunansa. Wanda ake kira likita a wannan gefe, lokotoro ne a wancan.

Abin da ya haɗa gwamnatocin biyu shi ne abin da suka sa a gaba. Hankalinsu yana kan cututtukan da ke yaɗuwa su kashe jama'a ko su hana aiki da biyan haraji, kamar agana da sanƙarau da ciwon barci da kuturta. Manyan wuraren jinyar da suka yi suna a yankin, irin su Babbar Ruga kusa da Katsina da Danja kusa da Maraɗi, domin kutare aka fara kafa su. Ba mu ce wannan kuskure ba ne, domin annoba ba ta jira. Ko a 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Sai dai ciwon da ba ya kisa, ba ya yaɗuwa, kuma ba ya barin tabo, bai sami gurbi a rajistar kowa ba. Daɗin daɗawa, an daɗe ana ɗaukar ciwon ɓarin kai a matsayin ciwon 'yan boko da masu hali na ƙasashen Turai. Sai da Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bi gida-gida a garin Igbo-Ora, suka tarar da kimanin mutum 5 cikin 100 na fama da shi, sannan ta tabbata cewa manomi da matarsa ma ba su tsira ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, hankalin hukumomin lafiya ya karkato ga mata, amma ta ƙofar haihuwa. Babbar Ruga ta zama cibiyar aikin yoyon fitsari tun shekarun 1980, Danja ma ta buɗe tata a 2012. Nijar ta kawo tsarin jinya kyauta a 2005 da 2006, wanda ya ƙunshi aikin fiɗa na haihuwa da awon ciki da tsarin iyali da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Waɗannan duk ayyukan alheri ne da suka ceci rayuka. Abin lura kawai shi ne, mace takan shiga lissafin asibiti ne idan tana da ciki ko tana goyo. Ciwon da ke cinye mata kwana biyu ko uku a kowane wata na tsawon shekara 30 ba ya cikin jadawalin.

Abin da likitocin duniya suka gano

Tun ƙarni na 17 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Van der Linden ya rubuta littafi a kan ciwon rabin kai da ke zuwa da haila. Amma sababin bai fito fili ba sai 1972, lokacin da Brian Somerville a Ostareliya ya yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. A jikin mace akwai sinadarai biyu da ke juya al'ada, istirojin da furojestaron, kuma duka biyun sukan yi ƙasa gab da zuwan jini. Da ya yi wa mata allurar furojestaron, jinin ya jinkirta amma ciwon kan ya zo a kan lokacinsa. Da ya yi musu ta istirojin, jinin ya zo amma ciwon ya jinkirta har sai da sinadarin ya sauka. Ta haka aka gane cewa faɗuwar istirojin ce ke tayar da ciwon ga wadda jikinta ke da shi a jini.

Duk da haka ilmin bai yi saurin shiga littattafan koyarwa ba. Ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar da jerin rabe-raben ciwon kai a 1988, amma sai a bugu na biyu, a 2004, ta sa wa na haila ma'auni, shi ma a rataye a ƙarshen littafi, inda ya ci gaba da zama a bugun 2018. Ma'aunin kuwa shi ne ciwon ya taso tsakanin kwana biyu kafin jini da rana ta uku ta jini, a wata biyu daga cikin wata uku. Ta fuskar magani, an tace ergotamin a 1918, sumatiriftan ya shigo kasuwa a 1991, sababbin allurai na rigakafi suka fito a 2018. Sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sumatiriftan cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada, watau bayan shekara 30 da fitowarsa.

Hukumar da kanta ta bayyana a rahotonta na 2011 cewa, a matsakaicin lissafi na duniya, awa 4 kacal ake ware wa ciwon kai a duk tsawon karatun ɗalibin likita, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 ne kawai na masu ciwon ɓarin kai likita ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu. Alhali kuwa ƙididdigar cututtuka ta duniya ta 2019 ta nuna shi ne na biyu cikin abubuwan da ke nakasa rayuwar mutane, kuma na ɗaya ga mata masu ƙuruciya. Idan haka abin yake a Landan da Faris, mai karatu zai iya kwatanta yadda yake a ƙauyen da ke bayan Magama.

Zamanin kemis

Shekarun 1980 sun zo da buri da kuma tsanani a lokaci guda. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan kiwon lafiya matakin farko, aka buɗe ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, a shekarar kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako, wanda ya ce majinyaci ya riƙa biyan kuɗin magani domin kada kantin asibiti ya bushe. Amma tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, a Janairun 1994 kuma aka rage darajar sefa da rabi. Magani ya yi tsada a gefe biyu na iyaka, aka koma ga mai kemis da mai tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa. Hanyar Jibiya, wadda ta saba ɗaukar hatsi da man fetur da atamfa, ta ɗauki magani ma, mai kyau da jabu, matsalar jabun magani a faɗin ƙasa kuwa na cikin abubuwan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993.

Bari mu kwatanta abin da misalin da duk mazaunin wannan yanki zai gane. A ce ga wata matar aure mai 'ya'ya huɗu, ciwon ya kwantar da ita. Maigida ya aika kemis, aka haɗo mata ƙwayoyi uku a ƙullin leda. Wata na gaba aka kai ta ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai, bayan kwana biyu ta miƙe, kowa ya yaba. Da ya sake dawowa aka auna ta tana cikin azaba, awo ya ɗan hau, aka ce hawan jini ne. Wani ya ce ido ne, a sayi tabarau. Wani ya ce tunani ne ya yi mata yawa, ta rage damuwa da kishiya. Da ta je ganin gida a Madarunfa, aka rubuto mata wata takarda da Faransanci wadda ma'aikacin wannan gefe bai iya karantawa ba. Gwaggonta kuwa tun farko ta ce sammu ne. A duk wannan zagaye babu wanda ya yi mata tambaya ɗaya: “Malama, ciwon nan yana zuwa ne lokacin da kike fashin salla?” Ita ma kunya ba za ta bari ta fara tayar da zancen a gaban namiji ba, balle idan maigida ko suruka na tsaye a kanta.

Ba mu ɗora laifin a kan ma'aikacin da ke duba mutum 80 a wuni ba. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kisa, dole ne a fara zarginsa. Amma wannan yawo yana da hatsari guda uku da ya kamata a sani. Na farko, yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum: wadda ke shan irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko haɗe-haɗen da ke da kafin ko kodin ko tiramadol kwana 10 ko fiye, har wata uku, tana iya faɗawa cikin wannan tarko. Na biyu, macen da ke ganin walƙiya kafin ciwon bai kamata a ba ta ƙwayar tsarin iyali mai istirojin ba, domin tana ƙara mata hatsarin shanyewar ɓarin jiki, kuma akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita. Na uku, ergotamin da wasu magungunan rigakafi haramtattu ne ga mai ciki. Duk ukun nan ba a kauce musu sai an san sunan ciwon.

Idan an rufe iyaka

Mutanen Jibiya sun saba neman magani a duk gefen da ya fi sauƙi, kamar yadda iyaye mata daga Nijeriya suka daɗe suna kai yara masu tamowa cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF a Ɗan Isa da Madarunfa. Amma ƙofar ba kullum take buɗe ba. An rufe iyaka daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986, aka sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka kuma rufewa har Maris na 2024. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda 'yan bindiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yanke jinyar da aka fara. Ciwon ɓarin kai kuwa jinyarsa ta bibiya ce: a gwada magani, a dawo bayan wata biyu ko uku, a duba, a gyara. Ga kuma rashin barci da firgici da tsallake abinci, waɗanda duk an san suna tayar da shi, kuma su ne abincin yau da kullum na macen da ta kwana a daji ko ta yi gudun hijira. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa 'yan kaɗan ne, suna manyan asibitocin koyarwa na birane irin su Kano da Zariya.

Kammalawa

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan tarihi shi ne, kayan aikin gano ciwon yana hannun matan tun da daɗewa. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da ciwon ɓarin kai na haila. Abin da likitocin duniya ke nema shi ne lissafin kwanaki na wata uku. Macen Bahaushiya kuwa tun tana makarantar allo ko Islamiyya ake koya mata babin haila a Ahalari da Risala, ta san ranar da ta ajiye salla da ranar da ta yi wanka, ta san kwanakin azumin da ake bin ta. Abin da ya rage shi ne ta ƙara alama ɗaya a kan wannan lissafi: ranar da kai ya sara, da ranar da ya saki, da abin da ta sha. Wadda ba ta rubutu za ta iya sa ɗigo a kalandar bango ko ta sa 'yarta ta rubuta mata da boko ko da ajami. Wannan 'yar takarda ba ta bukatar fassara a Magama ko a Ɗan Isa, kuma da ita ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya abin da ya gagari masu magani biyar. Magungunan da ake fara gwadawa, na kwantar da ciwon da na rigakafinsa, da yawansu tsofaffi ne masu araha, matuƙar ma'aikacin lafiya ne ya zaɓa ya kuma bibiya.

Wajibi ne kuma mu ja kunne. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko karkacewar baki, ko wanda ya kama mai tsohon ciki ko mai jego tare da kumburi da dishi-dishin gani, wannan ba na jiran lissafi ba ne, a garzaya asibiti a ranar.

Kiranmu ga makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Katsina da Maraɗi shi ne su sa wannan tambaya ta haila cikin abin da ake yi wa duk macen da ta zo da ciwon kai, a kuma ba ta damar amsawa ba a gaban jama'a ba. Ga magidanta kuma, matar da ta rufe kanta a ɗaki mai duhu duk ƙarshen wata ba ƙiwa take yi ba, ba kuma aljanu ne suka shafe ta ba. Mu kuma marubuta, mun cika littattafanmu da matan da hawan jini ya kama saboda kishiya. Da za a sami ko da ɗaya da aka kira ciwonta da sunansa, da masu karatu da yawa a Jibiya da Maraɗi sun gane kansu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.